Gurbin da Bappa Ya Bari a Jikin Rumbu

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina kafin in ɗauki biro. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma babban tsorona shi ne in rubuta abin da Bappa bai faɗa ba, ga shi ba ya nan balle ya gyara mini. Na sha farawa ina yagewa. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne damina ta matso, kuma akwai gurbi guda a jikin rumbunsa da aka ɗora mini cikewa kafin ruwan farko. Ba zan iya ni kaɗai ba. Duk inda na yi kuskure a nan, laifina ne, kada a ɗora masa.

Bappa wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Ya rasu a gidansa na Lamorde a Mubi bayan an gama girbi, da tsufansa da hankalinsa. Ya ci tuwonsa da rana, ya ce wa matarsa, wadda muke kira Dada, miyar ta yi gishiri, ya kwanta, bai tashi ba. Dada ta ce har gobe ba ta yarda miyar ta yi gishiri ba.

A kwanakin zaman makoki na lura da wani abu da ya tayar mini da hankali. Mutum zai shigo, ya yi gaisuwa, ya sha kunu, ya ɗan zauna, sai ya ce, "Bari in zagaya." Ya nufi bayan gida. Na biyu ma haka, na uku ma haka, har da matan zumunta na coci, su da ayari suka tafi. Ni na sayo gyaɗar kunun, don haka sai na ɗauka laifina ne. Na je na raɗa wa Dada cewa ina jin kunun ya ɓata wa mutane ciki, a daina bayarwa. Ta dube ni da jajayen idanunta ta ce, "Maigadi, je ka duba da kanka." Maigadi shi ne sunan da Bappa ya laƙaba mini, wai kullum ina tsaye ina gadin abin da ba wanda ya ba ni.

Da na zagaya, sai na tarar da su cike a gindin babban rumbu suna dariya, wasu da hawayen bai bushe a fuskarsu ba. Kowa yana neman kansa a jikin bango. Wata tsohuwa daga Betso tana nuna wata mace ta laka mai roron wake tana cewa, "Ku duba yadda ya yi mini baya, ni bayana bai kai haka lanƙwashewa ba." Wani ya ce mata, "Iya, ai ragi ya yi miki." Fasto da kansa yana tsaye da hannu a baya yana murmushi. Wata mai ƙosai ta dafa gurbin da babu komai a ciki ta ce nata ne, Bappa ya yi mata alkawari. Wani ɗan acaba ya ce ƙarya ne, shi ya sha kai Bappa kasuwa kyauta, nasa ne. Tsofaffin da ke wurin kuwa na ga suna satar kallona.

Wanda bai san gidan ba zai so ya ji yadda mutane suka hau jikin rumbu. Asalin abin daga Italiya ne.

Bappa manomi ne kuma maginin rumbu. Da tsufa ya kama shi, sai yanar ido ta rufe masa gani, har ya koma gane mutane da murya, gane hatsi da hannu. Babbar 'yarsa, Adda, tana aikin jinya a Italiya, ita ta nace sai ya je an yi masa aiki a can. Ni ban yi barcin kirki ba tun ranar da aka tsayar da magana. Na ɗinka masa aljihu a cikin riga don fasfo, na sa maɓalli, na ga bai isa ba na ƙara zif, na sake bin bakin da zare. Adda ta ce a filin jirgi sai da aka nemo almakashi. Bappa ya ce wa ma'aikacin, "Yi haƙuri, ɗana ne ya ɗinka, yana sona da yawa."

Aikin ido ya yi kyau. Da ya warke, Adda ta tambaye shi abin da yake so ya fara gani. Ya ce, "Kai ni inda magina suka yi aiki." Sai ta kai shi wani tsohon birni da ake kira Parma. Abin da zan faɗa yanzu ban gani da idona ba. Daga bakinsa na ji, na kuma bi Adda da tambaya har ta gaji da ni, inda maganarsu ta zo ɗaya shi na rubuta.

A gefen babbar majami'ar garin akwai wani dogon gini mai kusurwa takwas, na dutse mai launin cikin gwaiba. Adda ta ce masa ya yi ɗaruruwan shekaru, kuma ba a gina shi don komai ba sai don baftisma. Bappa ya tsaya ya ce, "Ɗaki guda, don wanka ɗaya a rayuwar mutum?" Shi a mayo, wato kogi, aka yi masa tasa, da rani, ruwan bai kai gwiwa ba, sai da fasto ya sa aka tona yashi. Yakan ce rabinsa ne ya jiƙe, shi ya sa rabin halinsa bai gyaru ba.

Da suka shiga ya ɗaga kai, sai ya cire hula. Ya ce rufin kamar cikin ɗakin jinka yake, da tsaikonsa sun taru a tsakiya, sai dai tsakanin kowane tsaiko an zana annabawa da manzanni da mala'iku, ja da shuɗi da ruwan zinariya, jere bisa jere har ƙoli. A tsakiyar ɗakin ga wani ƙaton kwarmi da aka fafe daga dutse, kamar turmi, amma babban mutum zai shige ciki. Ya ce ya gaishe da annabawan, ya gane Yohanna Mai Baftisma da rigarsa ta gashi, amma wuyansa ya gaji da kallon sama. Da ya sauke kai ne ya ga abin da ya biyo shi har Lamorde.

An sassaƙa mutane da dutse, kowane wata na shekara da mutuminsa da aikinsa. Wani yana haƙa ƙasa, wani yana watsa iri daga cikin mayafinsa, wani yana tumɓuke wani abu mai kama da dankali, wani yana tsinkar inabi. Kuma ga wani saurayi ya sunkuya da lauje, ya damƙe zangarniyar alkama da hagu. Nan Bappa ya kafe. Ya ce, "Wanda ya sassaƙa wannan ya tsaya a gona. Dubi babban yatsan, ya kauce wa bakin lauje. Wannan yaron ya taɓa yankewa." Ya miƙa hannu zai shafa, sai wata mata mai kula da wurin ta yi magana da sauri. Adda ta ce, "Baba, ta ce ba a taɓawa." Ya ce, "Gaya mata na shekara da shekaru da hannu nake gani. Idon nan sabo ne, ban gama yarda da shi ba." Matar ta yi dariya, ba ta dai bar shi ya taɓa ba.

Abin da ya fi faɗa bayan ya dawo shi ne, "Sun sa manomi a ɗaki ɗaya da annabawa, kuma ba su ce ya wanke ƙafa ba." Ya faɗa a coci, ya faɗa a kasuwa, ya faɗa wa mai cajin waya. Lokacin sanyi kuwa, idan an hura wuta da sassafe a ƙofar gida, sai ya ɗauko labarin tun daga almakashin filin jirgi. Ni ma nakan zo gaishe shi a wannan lokaci. Yana ganina zai jawo kujera ya ce, "Zauna mana, Maigadi." In ce to. Amma ga tartsatsi yana tashi kusa da jinka, ga akuya tana shinshinar igiyar shanya, kuma ban tabbata na ja kwaɗon shago da kyau jiya ba. Sai in saurara a tsaye, in ya kai wurin saurayi mai lauje in ce zan je in dawo.

Bai yi wata guda da dawowa ba ya sa aka kwaɓa laka da ƙaiƙayi. Ya zagaye jikin babban rumbu da layi, ya raba shi gida-gida daidai da watannin shekara. Ba shi da kayan sassaƙa, da tsohon cokalin Dada da guntun wuƙa ya yi aikin. Ya ce tunda shi ba shi da dutse mai launin gwaiba, kuma ba a noman inabi a Mubi, zai sa namu aikin da namu mutanen. Ba ya ƙirƙirar fuska. Sai ya bi mutum gona ya zauna a kan kunya yana kallonsa, wani lokaci damina guda, kafin ya taɓa laka. Dada ce a watan shiƙa, ta ɗaga ƙwarya sama, zaninta ya karkace gefe yadda yake yi kullum. Ta ce ya rasa abin da zai nuna wa duniya sai karkataccen zani. Ya ce, "Da shi na aure ki."

Akwai wani maƙwabcinmu da kowa ya sani da son inuwa. Gonarsa ta gado ta koma dajin tafasa, matarsa ce ke ciyar da gida. An yi masa faɗa an gaji. Wata rana aka wayi gari sai ga shi a jikin rumbu, a watan yankan dawa, ya sunkuya da lauje, damatsa kamar na ɗan dambe. Garin ya ɗauka. Yara suna binsa suna cewa ga wanda ba ya aiki sai a bango. Ya zo a fusace ya ce, "Bappa, yaushe ka taɓa ganina haka?" Bappa ya ce, "Kana saurayi, a gonar mahaifinka. Ni na ɗaure dawar da ka yanka ranar, hannuna ya gaji kafin naka. In ka ce ba kai ba ne, sai in kankare." Mutumin ya daɗe yana kallon bangon. Bai ce a kankare ba. Ba zan ce ya zama babban manomi ba, don ban son ƙari, amma daminar da ta biyo ya share rabin gonar, kuma shi ya kawo buhun dawa na farko gidan makoki.

Faɗa ɗaya na san Bappa ya yi a kan rumbun nan, shi ne da amininsa, wani makiyayi Bafulatani daga Wuro Patuji da muke kira Kawu. Tare suka tashi, shanun Kawu ke kwana a gonar Bappa bayan girbi suna bar masa taki. Suna kiran juna sobajo, wato aboki. Bappa ya sa shi a watan tsananin rani, yana kora saniya zuwa mayo, da malafarsa da sandarsa a kafaɗa. Bai tambaye shi ba, so yake ya ba shi mamaki. Da Kawu ya gani sai fuskarsa ta canja. Ya ce, "Sobajo, ka san addinina bai yarda a ƙera surar mutum ba. Ka sani, ka yi." Bappa ya ce, "Ai ba bauta maka za a yi ba, wa zai bauta wa mai irin wannan wuya?" Kawu bai yi dariya ba. Ya juya ya tafi, kuma shekarar nan shanunsa a wata gona suka kwana.

Bappa ya yi kwanaki yana cika baki cewa shi ba zai taɓa aikinsa ba. Ni kuwa na rame, ina ganin zumuncin shekaru zai mutu a kan laka. Rannan da hantsi na same shi da cokali yana kankare mutumin a hankali. Ya bar saniyar, ya kafa sandar a ƙasa, ya rataya malafar a kanta. Sannan ya aika a gaya wa Kawu cewa mutumin ya tafi salla, ya bar kayansa. Kawu ya zo. Ya tsaya ya dubi wurin, bai gaishe da kowa ba. Can ya ce, "Ƙahon hagu ba haka yake ba. Nata ya fi faɗuwa." Bappa ya miƙa masa cokalin ya ce, "To gyara, saniyarka ce." Kawu ya ce shi ba zai taɓa ba, amma zai tsaya ya nuna. Suka wuni a kan ƙaho guda suna zagin iyawar juna. A ranar jana'iza na ga Kawu ya zagaya shi kaɗai, ya ɗora tafinsa a bayan saniyar nan, ya daɗe bai ɗauke ba.

Haka gidajen suka cika ɗaya bayan ɗaya, sai na watan sanyi. Shi ya zauna fayau shekara da shekaru. In an tambaye shi ya ce, "Mai wurin bai shirya ba."

Bayan an share makoki, Yaya, babban ɗan Bappa, ya tara mu. Ya ce kafin damina za a yi wa rumbun sabuwar jinka, a shafe bangon da makuba don kada ruwa ya cinye mutanen. In an shafe, laka ba za ta ƙara kamawa ba. Don haka ko a cike gurbin yanzu, ko a bar shi shafaffe har abada. Dada ta shiga ɗaki ta fito da cokalin da guntun wuƙar, ta ajiye a gabana. Ta ce ni nake da hannun aikin ƙanana, kuma ni na sha kwaɓa masa laka.

Na rasa inda zan sa kaina. Me ake yi a watan sanyi? Ana sussuka, amma ya riga ya sa sussuka. Ana yankan ciyawar jinka, ana gyaran danga. In na sa mai ƙosai, ɗan acaba zai ji haushi. In na sa abin da Bappa bai nufa ba, na yi masa ƙarya a jikin rumbunsa, inda jikoki za su gani. Na hau mashin na tafi Wuro Patuji wurin Kawu. Ya saurare ni yana tsinke haƙori, sannan ya ce, "Kai, ba ka taɓa jin ƙarshen labarin ba ne?" Na ce wane ƙarshe, ai a kan mai lauje yake ƙarewa. Ya yi dariya har ya tuntsurar da buta. Ya ce, "A nan kai kake tashi. Koma wurin Dada."

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ta ce in zauna, na ce a tsaye ma ya isa. Ta ce to ba za ta faɗa ba. Na zauna a bakin kujerar.

Ta ce bayan matar nan ta hana Bappa taɓa lauje, sai ta ga tsoho ne, ta kawo masa kujera. Inda ta ajiye kujerar kuwa daidai gaban mutumin watan sanyi ne. Wani dattijo ne na dutse, ya lulluɓa da mayafi, yana zaune a gaban wuta yana jin ɗumi. Babu lauje, babu iri, babu komai a hannunsa. Bappa ya tambayi Adda, "Shi wannan mene ne aikinsa?" Adda ta tambayi matar, matar ta ce aikinsa ke nan. Bappa ya zauna, tsoho biyu suna kallon juna, har Adda ta fara jin yunwa. Da suka fito ya ce mata wannan ne babbansu, don an ba shi wuri daidai da na mai girbi, ba a rage masa ko taki ɗaya ba.

Na ce, "To ai shi ne ya kamata ya sa kansa a wurin." Dada ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, "Shi ai ya iya zama tun yana yaro, har ya yi yawa. Kai yake jira. Kullum in ya hura wuta sai ya ajiye laka a bayan kujerarsa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ko Allah zai sa ka zauna ya ga yadda kake. In ka tafi ya ce mini, yau ma Maigadi ya tsere, zuba wa lakar ruwa."

 Ta miƙo mini gyaɗa, na karɓa, muka ɓare tare har ta ƙare.

Na gaya wa Yaya abin da na yanke, ya yarda. Gurbin zai ɗauki mutum biyu in an matsa, wuta a tsakiya. Wutar na riga na yi ta, ta kuma yi kyau, na sa ta nesa da jinka. Amma da na ɗauki laka zan fara Bappa, sai na tarar ban san yadda yake zama ba. Na san muryarsa a bakin wuta, na san tarinsa, amma idona kullum yana kan tartsatsi. Dada ta ce yakan dafa gwiwoyinsa biyu. Kawu ya ce sam, miƙe ƙafar dama yake yi saboda ciwon gwiwa, ya karkata hagu. Adda ta ce a waya ita abin da ta tuna hularsa ce a kan gwiwa. Bappa bai taɓa sa mutum a bango da zato ba, ni ma ba zan sa shi da zato ba.

Saboda haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, a Lamorde ko Betso ko cikin gari ko inda aure da aiki suka kai shi: in ka taɓa zama da Bappa a bakin wuta har ya kai ƙarshen labarin, ka taimake ni. Ina yake sa hannuwansa? Wace ƙafa yake miƙewa? Hular tana kansa ko tana gwiwa? In wani ya taɓa ɗaukarsa hoto a waya yana zaune, ko da bai fito sosai ba, ina so in gani. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsu, lokacin ba shi da yawa.

Game da mutum na biyu, wato ni, Kawu ya ce shi zai tsaya ya nuna mini kamar yadda ya yi da ƙaho, amma sai ya ga abin da zai nuna tukuna. Don haka ku zo da safe, ku zagaya bayan gida. Makullin shago yana ɗaure a bakin zanin Dada, ta ce ba ta ba ni sai rana ta take. Za ku same ni a gindin rumbu, a zaune.